Kwamfutata Tana Sandarewa a Wurin Raba Faifai

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Gombe, ina ajin ƙarshe. Ina da laftof ta hannu ƙirar HP, Windows 10 ce a kanta, kuma ba ta karɓar Windows 11. Shi ne na yi niyyar saka Linux Mint a gefe. Na ɗora ta a filash, na zaɓi harshe, komai lafiya lau, amma da na iso wurin raba faifai sai ta sandare. Linzami na ta juyawa, ba gaba ba baya. Wani mai gyara ya ce in kawo ya yi mata fomatin gaba ɗaya, ni kuwa furojet ɗina na ciki. Yaya zan yi?

Wani ɗalibi, Tudun Wada, Gombe

AMSA

Kafin ka karanta sauran amsar nan, tashi ka kunna Windows ka kwafe furojet ɗinka a wani filash daban, ka kuma aika wa kanka shi ta imel. Yau, ba gobe ba. Abin da ka kwatanta yana iya zama ƙaramar matsala, yana kuma iya zama alamar faifan ya fara mutuwa, kuma faifai ba ya sallama in zai tafi.

Niyyarka mai kyau ce. Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Linux Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029.

Abu na farko da za ka lura da shi: a ina take tsayawa? Manhajar girkawa ba ta taɓa faifanka sai ka danna "Install Now", ta tambaye ka ko ta rubuta sauye-sauyen, ka amince. In kafin nan ta sandare, kashe kwamfutar ba ya ɓata komai. In kuwa bayan nan ne, ka ɗauke hannunka. Matse ɓangaren Windows a tsohon faifai mai juyawa yakan ci awa guda ko fiye, allo na tsaye alhali aiki na gudana. Dubi 'yar fitilar faifai; muddin tana ƙyaftawa, bar ta. Wanda ya danne maɓallin kashewa a wannan gaɓar shi ne yake rasa Windows da fayilolinsa a lokaci guda. Don haka ma ban yarda a fara wannan aiki da mataccen batir ana dogaro da wutar gari ba. Ka kuma ɗora ta a tebur, ba kan katifa ba, musamman a zafin Maris da Afrilu na Gombe.

Bisa bayaninka, taka tana tsayawa kafin a rubuta komai. Wato manhajar tana karanta faifan ne don ta nuna maka ɓangarorinsa, amsa kuma ta ƙi zuwa.

Ka fara da mai sauƙi. Tun daga Windows 8, in ka ce ta mutu ba ta mutuwa sosai. Rabin barci take yi don ta tashi da wuri, sai ta bar ɓangarenta a kulle. Buɗe "Command Prompt" da ikon shugaba, rubuta powercfg /h off, sannan chkdsk C: /f, ka sake kunna ta ta duba kanta. Ka leƙa kuma ko BitLocker na aiki, domin da yawan kwamfutocin da ake kawo mana daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. In yana kunne, adana lambar buɗe shi, ka kashe shi, ka jira ya gama.

Inda zargina ya fi karkata shi ne lafiyar faifan. Laftof ta hannu ta sha aiki shekaru kafin ta iso gare ka, ta sha girgiza a hanya, tana kuma ci gaba da sha a jakarka a kan acaɓa. Idan wani gurbi a jikin faifan ya lalace, Linux takan nemi karanta shi, ta jira kamar daƙiƙa 30, ta sake gwadawa, ta sake jira. Gurabu kaɗan sun isa su sa ka ɗauka ta ƙame. Windows na iya shekara ba ta bi ta wurin ba, shi ya sa ba ka ga alama ba.

Gane wannan ba wuya. Kunna Mint daga filash, amma kada ka taɓa girkawa tukuna. Buɗe manhajar "Disks", zaɓi faifan, nemi bayanan SMART. Layi biyu za ka duba: "Reallocated Sector Count" da "Current Pending Sector Count". Na biyun in ya wuce sifili, akwai magana. Sannan buɗe Terminal ka rubuta sudo dmesg -w, ka bar tagar a gefe, ka fara girkawar. Daidai lokacin da ta sandare, in ka ga "I/O error" na zubowa layi bayan layi, ka sami mai laifi. Harafin da ke jikin saƙon, sda ko sdb, shi zai gaya maka faifan ne ko filash ɗin. Kara kunnenka kusa da inda kake ɗora tafin hannu. Ƙarar ƙas, ƙas mai maimaituwa ba ta alheri ba ce.

In haka ne, fomatin ba magani ba ne, fentin bangon da ya tsage ne. Sayi SSD, ko mai gigabait 256 ne, a saka maka. Kwamfutar za ta yi saurin da ba ka san tana da shi ba, tsohon faifan kuma ka sa shi a akwatin USB ka kwashe abin da ya rage.

In faifan lafiyarsa ƙalau, koma kan filash. Na jabu sun cika kasuwa: an rubuta gigabait 32 a jiki, cikinsa bai kai haka ba. Fayil ɗin Mint kusan gigabait 3 ne, intanet na yankewa a tsakiya, sai ya sauko da rauni. Gwada lambar SHA256 tasa da wadda ke shafin Mint, sake ɗora shi da manhajar Rufus a wani filash, canza ramin USB. Cire duk abin da ke jone, har ɗan katin memori da aka manta a gefe, domin manhajar tana bin kowane ɗaya tana karantawa.

Saura biyu. A cikin BIOS, in tsarin faifai yana kan RAID ko Intel RST, Linux ba za ta gan shi daidai ba sai an mayar AHCI. Amma ka sa Windows ta tashi a "Safe Mode" sau ɗaya yayin sauyin, in ba haka ba shuɗin allo za ta nuna maka. Na biyu, faifai mai tsohon tsarin MBR manyan ɓangarori huɗu kacal yake ɗauka, kuma yawancin HP na zamanin Windows 7 da huɗun a cike suke zuwa.

Ni dai ba na barin manhajar girkawa ta yi mini rabo. Shiga "Disk Management" a Windows, matse C da kanka, bar fili kamar gigabait 50 babu komai a ciki. Windows ta fi kowa sanin yadda za ta matsa da kayanta. In ka dawo, Mint za ta tarar da wuri a shirye, ka zaɓi girka ta a gefen Windows. Idan kuma manhajar raba faifai ta GParted, wadda ke cikin filash ɗin, ita ma ta tsaya a karatun faifan, to ba manhajar girkawa ce da laifi ba.

In dole sai ka je wurin mai gyara, je da furojet ɗinka a aljihu, ka ce ya nuna maka sakamakon SMART da idonka kafin ya goge ko harafi ɗaya. Allah Ya ba da sa'ar kammalawa.