Karaya Mai Rauni ba ta Kwana a Gida

'Ya'yana, kaka ta gabato. Injin sussuka zai soma ruri a bakin gona, babura za su riƙa jigilar buhuna zuwa kasuwannin Bichi da Dambatta, amalanke kuma ba hutu. A irin wannan lokaci ake yawan karaya da munanan raunuka. Allah ya kiyaye, amma in ƙaddara ta faɗa, ga abin da nake so ku riƙe.

Karaya iri biyu ce. Akwai wadda ƙashi ya karye fata na nan lafiya, akwai kuma wadda fata ta yage, wani lokaci har ƙashi ya leƙo. Ta biyun nan ba ta jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ƙasar gona da taki cike suke da ƙwayoyin cuta. In suka kama ƙashi, sai ya shekara yana zubar da mugunya. Kada ku zuba toka ko baƙin mai ko kashin shanu, kada ku tura ƙashin ya koma ciki. Ku rufe da tsabtataccen ƙyalle, ku danne in jini na zuba, ku tallafe gaɓar da katako, ku nemi mota a ranar.

Ban raina masu ɗori ba, sana'a ce ta gado, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Sai dai gaɓar da ta karye kumbura take yi. In aka jera kara aka ɗaure tamau, jini ba ya wucewa, kuma naman da ya rasa jini kamar awa 6 yakan fara mutuwa. Don haka ku riƙa duba yatsun mai karayar. In sun yi sanyi ko sun soma baƙi, in kun taɓa bai ji ba, in ciwo na ƙaruwa har ya hana shi barci, ku kwance ɗaurin nan take. Kada wani ya ce muku magani ne ke aiki.

Na san abin da ke hana mutane tafiya: tsoron a yanke ƙafa. Alhali sau da yawa ƙafar da ake yankewa ta riga ta ruɓe tun a gida. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki a Kano tun 1959, ceton gaɓa ne aikinsa. Likita zai wanke raunin a ɗakin tiyata, ya cire mataccen nama, a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rigakafin sarƙewar haƙora. Sau da yawa akan kafa ƙarfe ta waje ya riƙe ƙashin, a bar raunin a fili ana wanki. In ya yi ja ya tsabtata, sai a ɗebo siririyar fata daga cinya a dasa. Aikin yakan ci watanni, yana son haƙuri da abinci mai gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai.



Maganar kuɗi gaskiya ce, asibiti da tsada. To dangi su haɗa hannu tun ranar farko, ko da akuya za a sayar, don jinyar ranar farko ta fi ta bayan wata guda sauƙi nesa ba kusa ba. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu yi kaka lafiya.