Yadda Ake Raya Irin Kainuwa da Azola a Gida Har Damina Ta Dawo

A ƙasar Damagaram damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a birnin Zinder a shekara yana kusa da milimita 400 ne. Da an yanke gero sai tabkuna su fara ja da baya. Manya irin na Gidimuni da Lassuri, waɗanda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019 da 2005, sukan daɗe da ruwa. Ƙananan tabkunan bakin gari da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini kuwa, yawancinsu kafin bazara sun koma busasshiyar laka, duk abin da ke yawo a kan ruwansu ya bushe.

A ƙasashen Turai masu lambu kan kwashe tsirran da ke yawo a kan ruwa su kai ɗaki domin ƙanƙara. Mu namu abokan gabar uku ne: ƙafewar ruwa, iskar hunturu, da zafin bazara. Wanda ke kiwon kifi a tanki, ko agwagi da kaji a gida, ya fi buƙatar ɗanyen ganye a daidai lokacin da tabki ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa ya dace ya ware ɗan iri tun da kaka, ya raya shi a tsakar gida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tsirran da ake magana a kansu

Na farko kainuwa, wadda kowa ya sani. Amfaninta ga mai kifi shi ne inuwa, kuma saiwarta tana tsotse dattin ruwa. Ba a cika ba dabbobi ita da yawa ɗanya ba, domin tana da sinadarin da ke sa ƙaiƙayi a baki. Na biyu azola, wata 'yar ƙaramar ciyawa mai ganye rubi-rubi, wadda manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna amfani da ita a matsayin taki. A cikin ganyenta akwai wata ƙwayar halitta da ke janyo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa busasshiyar azola kan ƙunshi furotin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Na uku lemna, 'yan mitsi-mitsin ganyen nan da ba su fi ƙwayar riɗi girma sosai ba, waɗanda agwagi da karfasa ke so ƙwarai. Kulawar dukansu kusan ɗaya ce. Bado kuwa hanyarsa daban, za mu zo kansa.

Mataki na farko: ɗebo iri

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa bai yi kauri ba, tsirrai suna da ƙarfinsu. Kada ka ɗebo daga kududdufin cikin gari da kwata ke kwarara cikinsa ko ake zuba shara. Nemi tabkin da ke nesa da gidaje, ko ka roƙi iri wajen mai lambu a Mirriya ko a kwarin Korama. Azola kuwa, a tambayi malaman gona ko masu kiwon kifi.

Kada ka shiga ruwan da ƙafa. Tabkuna masu ciyayi su ne mazaunin dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga. Ɗaura rariya a kan doguwar sanda ka kamfato daga baki. A kainuwa zaɓi ƙanana masu koren ganye da farar saiwa, guda goma sun isa. Tsofaffi manya ba su jure sauyin wuri. Azola da lemna kuwa, cikin tafin hannu biyu ya wadatar. Zuba su a bokiti da ɗan ruwa, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu har gida.

Mataki na biyu: wanki da killacewa

Da isarka gida ɗauraye su sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta. Duba ƙarƙashin ganye da cikin saiwa, ka cire dodon koɗi da ƙwansa, wanda ke manne da ganye cikin ɗan yauƙi mai sheƙi. Tsinke ruɓaɓɓen ganye, ka rage tsawon saiwar kainuwa da almakashi zuwa kamar tsawon yatsa. Ruwan wankin a zubar da shi a busasshiyar ƙasa, nesa da rijiya.

Daga nan ajiye su a bokiti na dabam har mako biyu, kana dubawa kowace safiya. Ƙwan da ya ɓoye maka zai ƙyanƙyashe cikin wannan lokaci, sai ka tsince. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya kawo cuta gidansa da hannunsa.

Mataki na uku: shirya mazubi

Faɗin baki ake nema, zurfi kaɗan ya isa. Kwatanniya, babban baho, ko rabin duro da aka wanke tas, duk suna yi. Kada a taɓa amfani da duron da aka zuba maganin ƙwari ko man fetur. Mazubin yumɓu ya fi sanyaya ruwa, amma yana tsattsafo, don haka ya fi cin ruwa. Na roba ya fi tattali, sai dai yana saurin ɗaukar zafi.

Shimfiɗa ƙasar gona mai kyau a ƙasan mazubin, kaurin santimita 2 zuwa 3. Ƙara tafin hannu ɗaya na kashin shanu da ya riga ya ruɓe ya daina wari. Ɗanyen kashi yana iya ɓata ruwa ya kashe tsirrai. Zuba ruwa ya kai zurfin santimita 15 zuwa 20 ga azola da lemna, 30 ga kainuwa. In ruwan famfo ne, bari ya kwana a buɗe domin maganin da ake zuba masa ya fita. A guji ruwa mai kanwa ko zartsi, irin wanda ake samu a wasu rijiyoyin kwari. Ruwan sabulu kuma ko kaɗan bai dace ba. Bari mazubin ya yi kwana biyu ya kwanta, sannan ka sa tsirran. Kowane iri da nasa mazubi, domin in an haɗa, kainuwa za ta rufe sauran ta hana su haske.

Kowa ya san tsadar ruwa a Zinder idan rani ya tsananta, don haka yana da kyau a yi lissafi tun farko. Baho mai faɗin baki santimita 60, in yana cikin rana da iska, yana iya rasa lita biyu zuwa uku a yini. A inuwa asarar tana raguwa sosai. Ruwan alwala da aka tara a kwano, ko na ɗaurayar kayan miya, ya isa cike wannan giɓi. Saboda haka kada ka faɗaɗa. Manufarka a nan ita ce iri ya rayu, girbi sai ruwa ya samu.

Mataki na huɗu: zaɓen wuri

Wurin da ya fi shi ne inda hantsi ke sauka na awa uku zuwa huɗu, sannan inuwa ta rufe daga azahar. Gindin katangar da ke tare ranar yamma, ko bakin rumfa, ya dace. Ɗaki mai duhu yana kashe su cikin 'yan makonni, haka ma kusa da murhu.

Daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare a Zinder kan sauko ƙasa da digiri 15, kuma a nan kainuwa take daina girma, gefen ganyenta ya fara ƙonewa. Da magariba rufe bakin mazubin da asabari ko buhu, ko ka ja shi cikin zaure in ƙarami ne, da safe ka buɗe. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ganye, sai a riƙa yayyafa ruwa da hannu duk bayan kwana biyu.

Afrilu da Mayu su ne gwaji mafi tsanani, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Azola ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30, in ruwa ya wuce 35 sai ta fara mutuwa. A wannan lokaci mayar da mazubin cikakkiyar inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin bedi ko rumfar zana. Binne rabinsa a ƙasa, ko ka naɗe shi da buhun algarara kana jiƙawa. Da sassafe ake ƙara ruwa.

Akwai abin da ba a sakaci da shi: yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan baho. Ɗora ragar waya a kai ka danne da dutse. Ita ce kuma za ta hana awaki da kaji.

Mataki na biyar: kulawar mako-mako

Kowace safiya duba inda ruwa ya tsaya ka cike. Duk mako biyu kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka ba bishiya, ka zuba sabo, domin gishiri yana taruwa a ruwan da ke ta ƙafewa. Sau ɗaya a wata ƙara ɗan ruɓaɓɓen taki. A yanayi mai kyau azola da lemna suna ninka kansu cikin mako guda ko ƙasa da haka, don haka a riƙa ragewa ana ba kaji, kada su hau kan juna su ruɓe.

Tsirran suna nuna damuwarsu. Ganye ya koma ruwan ɗorawa, alamar yunwa ce, a ƙara taki. Gefen ganye ya bushe, rana ko iska ta yi yawa. Azola ta koma ja, zafi ne ko ƙarancin sinadarin fosfaras, sai a ƙara inuwa a barbaɗa ɗan takin supa, abin da yatsa uku za su ɗauka. Ruwa ya yi wari ko gansakuka ta rufe shi, taki ya yi yawa, a sauya rabin ruwan.

Sauro ma sai an yi hattara. Akwai wani nau'insa da 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwar kainuwa suna shaƙar iska ta jikinta, ba su ko tasowa saman ruwa. Rufe mazubin da ƙyalle mai raga ko tsohon sange da aka daina kwana ciki, ka ɗaure bakin sosai, kada ya taɓa ruwan. A mazubin kainuwa ana iya sa 'yan ƙananan kifi biyu su cinye 'ya'yan sauro, amma kada a rufe shi da sange mai magani, domin maganin yana kashe kifi. A na azola da lemna ba a sa karfasa, za ta cinye irin.

Raba kowane iri gida biyu, ka ba maƙwabci ko ɗan'uwa rabi. In naka ya mutu a bazara, ka san inda za ka samo.

Bado

Bado ganyensa ne kawai ke saman ruwa, tushensa yana cikin laka, kuma yakan yi barci ya jira damina. Idan ruwa ya janye laka ta fara tsagewa, tono tushen da ya ƙosa, mai tauri. Wanke shi, ka shanya a inuwa yini ɗaya, ka binne a tukunya cikin rairayi mai ɗan laima kaɗan. Ajiye tukunyar a ɗaki mai sanyi inda ɓera ba zai kai ba. Duba sau ɗaya a wata, ka jefar da wanda ya yi laushi. A watan Yuni dasa shi cikin laka, ruwa ya rufe shi da kamu ɗaya, kana ƙara zurfi yayin da ganye ke tasowa.

Mataki na ƙarshe: fitarwa

Idan ruwa ya zauna a Yuli, kada ka fitar da tsirran da suka saba da inuwa cikin rana kai tsaye. Riƙa ƙara musu awa ɗaya ta rana kowace rana har mako guda, sannan ka zuba su a tankin kifi ko ramin da ka shimfiɗa wa leda. Ka bar kaɗan a baho.

Abin da ya yi yawa a ba dabbobi, ko a shanya a zuba cikin ramin taki. Kada a zuba shi a tabki ko ƙorama. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da asalinta Kudancin Amurka ne ta toshe sassan kogin Kwara a Yamai, tana hana masunta da masu kwale-kwale aiki, kuma kachalla ta riga ta takura wa tabkin Gidimuni. Kainuwa ita ma tana iya shaƙe ruwa in ta samu sarari. Duk wanda ya ɗauki nauyin raya waɗannan tsirrai a gidansa, ya tabbata sun tsaya a inda ya ajiye su.