Tsohuwar Fijo da Tayar da Ta Dace da Ita

Jama'a, an rubuta wannan takarda ne domin masu tsofaffin motoci na Kademi da kewayenta, daga Gaya har Ajingi, musamman waɗanda har yanzu suke riƙe da Peugeot 504, wato Fijo. Wani gadonta ya yi wajen mahaifinsa, lallaɓa ta yake yi, ba ya fito da ita sai Juma'a ko ranar salla. Wani kuwa da ita yake ci da iyali, yana jigilar fasinja da buhuna daga ƙauyuka zuwa Wudil. Ko wanne ne daga ciki, wata rana zai tsaya gaban mai sayar da taya, kuma a nan ne akan cuci mutum, ko ya cuci kansa da kansa.

Kada kowa ya raina motar nan don ta tsufa. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna, aka yi wajen shekara 30 ana harhaɗa ta a nan gida. A wannan shekara ta 1975 ne Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da 504, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu. A 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya cinye gasar da ƙanwarta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Irin wannan mai ƙofa biyu yanzu a Turai abar ado ce, kuma masu ita ba sa ɗora mata kowace irin taya. Saboda irinsu ne har gobe kamfanin Michelin yake ƙera wasu tsofaffin samfura, kamar XAS wadda ta fara fitowa a 1965. Ba cewa ake yi mutumin Kademi ya yi odar taya daga Faransa ba, wa ke da wannan kuɗi? Abin lura shi ne waɗanda suka ƙera motar sun auna tsayinta da sitiyarinta da birkinta ne a kan wata irin taya, doguwa siririya. In ka sauya wannan, ka sauya motar.

To, yaya mutum zai gane ta? Duk bayanin yana rubuce a gefen tayar, sai dai kaɗan ne suke sunkuyawa su karanta. Wanda bai iya boko ba ya tafi kasuwa da yaronsa ɗan makaranta, ba abin kunya ba ne.

A tsohuwar tayar Fijo ƙarama za ka ga an rubuta 175 R 14. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 175. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, ta ƙarshen kuwa girman rim ne, inci 14. A da ba a rubuta tsayin gefe, domin an san kamar kashi 80 cikin 100 na faɗin ne, wato wajen milimita 140. Tayoyin yanzu sukan zo da lamba ta tsakiya, kuma a nan matsalar take. Mai shago zai miƙo maka 185/65 R 14, ya ce, "Alhaji, ai duk sha huɗu ce, za ta hau." Gaskiya ya faɗa, za ta hau. Amma tsayin gefenta milimita 120 ne kacal, motarka ta sunkuya ke nan da santimita 2. A kan kwalta ba za ka damu ba. Ranar da ka bar titi ka shiga hanyar ƙauye, inda manyan motoci suka haƙe gefe biyu suka bar tudun rairayi a tsakiya, a nan cikin motar zai soma jan ƙasa, salansa ta yi ta bugun tudu. Ga shi gajeren gefe ba ya shanye ramuka, duk bugun da tayar ta kasa ɗauka sai ya wuce kan shokozoba da rim da bayan mai tuƙi. Har allurar gudu ma sai ta koma yi maka ƙarya: tana nuna 100 alhali kana wajen 94, inji yana ta wahalar juyi a banza. Saboda haka a nemi 175/80 R 14. In ba a samu ba, 195/70 R 14 ta kusa da ita a tsayi, sai dai a tambayi bakanike ya tabbatar rim ɗin zai ɗauke ta kuma ba za ta goga ba in an karya sitiyari.

Samari masu son a ɗora wa tsohuwar mota faffaɗar taya don ta yi kyan gani, su sani yawancin Fijon da ke hannunmu sitiyarinsu da ƙarfin damtse ake juya shi. Faɗi yana ƙara nauyin sitiyari, yana kuma gajiyar da ƙarafan gaba.

Bayan girma sai shekaru, kuma wannan ya fi komai muhimmanci. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana jingine a shago, kamar guga ne da aka bari a rana, ko ba a ja ruwa da shi ba sai ya bushe ya tsattsage. A gefen taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. In kuwa lambobi uku ka gani, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana horon direbobi da cewa taya ta gama aiki in ta shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuwa cewa ya yi a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara in ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai cinye ba. Ga wanda yake hawa kwaltar Gaya zuwa Wudil da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, a ganina maganar Hukumar ta fi kusa da lafiyarsa.

Wanda wannan magana ta fi shafa shi ne Alhajin da ke lallaɓa motar gado. Shi ne zai ce tayarsa sabuwa ce fil, don ko rabin zanenta bai taɓu ba. Shekara tara tana ƙarƙashin rumfa, rana tana dukan gefe ɗaya. Ranar da aka cika motar da iyali za a kai amarya Kano, a ranar za ta nuna halinta.

Sai batun tayar gwanjo, wadda ake wa laƙabi da 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam. Da can a ƙasar nan ake yin taya. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop yana da tasa a Ikeja ta Legas. Na farkon ya rufe a 2007, na biyun ya daina ƙerawa a 2008, tun daga nan kusan duk tayar motar da ke kasuwa shigo da ita ake yi. Doka ta hana shigo da tsohuwar taya, amma kowa ya san ana ganinta jibge a bakin titi. Ba a zargin talaka don ya saye ta, rashi ne ya kai shi. Sai dai ya san abin da yake saye. Da yawa daga cikinsu an yi su ne domin ƙasashe masu dusar ƙanƙara, alamarsu hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. Robarsu laushi gare ta don ta kama hanya cikin sanyi, a zafinmu kuwa cinyewa take yi da wuri. Wasu kuma sun suɗe, sai a sa wuƙa a sake yanka musu zane, a shafe su da baƙin mai su yi ta ƙyalli. Araha dai ba ta ado. Har cikin sababbi ma akwai abin dubawa, domin hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama masu cusa taya huɗu ko biyar cikin juna don su rage kuɗin kwantena. Wadda aka cusa haka, wayar bakinta ta riga ta lanƙwashe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka ka sa hannu ka shafa bakin tayar ciki da waje, ka mirgina ta a ƙasa ka ga ko tana tafiya daidai. In ka ga ƙullutu a gefe, ko tsaga ƙanana kamar faso, ajiye ta.

Mai wagon da mai a-kori-kura, ku naku ya ɗan bambanta. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 88S. Lambar nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ce: 88 kilo 560 ke nan, 91 kuwa 615. Harafin iyakar gudu ne, S kilomita 180 a sa'a, H 210, kuma ba wanda zai kai can a hanyoyinmu. Nauyin shi ne abin lura. Wanda yake loda gero da gyaɗa da awaki ranar Juma'a zuwa kasuwar Wudil ya nemi mai harafin C, kamar 185 R 14 C, wadda aka yi domin kaya. Mai lamba 102 tana ɗaukar kilo 850. Ta fi tauri, shi ya sa ba ta da daɗi a ƙaramar mota, amma ita ce ta lodi.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, a sa su a baya. Mutane da yawa gaba suke sawa, suna cewa can ne sitiyari. Amma in gaba ta zame direba yana ji a hannunsa, yana iya gyarawa. In baya ta kwace, musamman a farkon damina da kwalta take santsi, motar juyawa take yi kafin ya ankara. Kada kuma a haɗa mai harafin R da tsohuwar saƙa marar R a gefe da gefe. Rim ɗin da ya yi tsatsa ko ya lotse ba ya riƙe iska, a gyara shi ko a sauya tun kafin a ɗora masa sabuwar taya, kuma a kai motar a daidaita ƙafafunta, in ba haka ba cikin 'yan watanni gefe ɗaya zai cinye.

Iska kuma a auna ta da ma'auni, da safe kafin a hau hanya. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne. Adadin da ke rubuce a jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, wanda motar ke bukata yana cikin littafinta, in ya ɓace a tambayi tsohon bakaniken Fijo. Wasu masu faci sukan zuba iska har taya ta yi tauri kamar dutse don a ce sun yi aiki, wannan yana cinye tsakiyarta. Ƙarancin iska ya fi haɗari, domin gefen yana ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya fashe. Direban da ya rage iska don ya fita daga rairayi ya tuna ya mayar da ita da zarar ya hau kwalta. Safaya ma a riƙa auna ta tare da sauran, ita ma tana da lambar shekara.

Tsohuwar da aka cire kada a sayar wa wani direba, kada kuma a jefa ta bayan gida, domin da damina ruwa take tarawa sauro ya hayayyafa a ciki. A kai wa masu yanka takalmi, ko a huda ta a ɗaure wa dabbobi su ci dusa a ciki.