Kiwon kifin ado: ko kifi zai iya ciyar da kansa?

Yara da yawa a Birni da Zango suna kiwon tantabaru. Mai tantabara ya san abu guda: idan ba su yi ƴaƴa ba, kullum daga aljihunsa kuɗin gero za su fita. Idan kuwa sun yi ƴaƴa, sai ya kai biyu Kasuwar Dole ran Alhamis, ya sayar, ya auno tiya guda. Ta haka tantabaru suke sayen abincinsu da kansu.

Akwai mutanen da suke yin irin wannan da kifi. Ba kifin miya ba, kifin ado: ƙananan kifaye masu launi, waɗanda ake sakawa cikin akwatin gilashi don a riƙa kallo. A darasin yau za mu ga yadda ake kiwonsu, yadda suke haihuwa, da lissafin da ake yi kafin a ce an ci riba.

Daga ina kifin ado ya fito?

Mutanen ƙasar Sin ne suka yi suna da wannan kiwo. Shekaru wajen 1000 ke nan suna zaɓen kifaye masu launin ja da rawaya, suna haɗa su, har aka sami wanda ake kira kifin zinariya. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a birnin Landan, ƙasar Ingila. Yau kifin ado babban ciniki ne. Ƙasar Singafo ƙarama ce ƙwarai, amma tana cikin manyan masu sayar da shi a duniya. Daga Ikko ma akan ɗauki kifayen gulaben Najeriya a jirgin sama, cikin leda mai ruwa da iska, a kai su Turai da Amurka.

Kada ku zaci kifin ado duk na waje ne. Ƙurungu da masunta suke kamawa a gulbi, akwai irinsa mai yin iyo a rigingine, ciki sama, baya ƙasa. Turawa suna sayen ƙananansa don kallo kawai. Akwai kuma wani ɗan kifi wanda bai kai tsawon yatsa ba. A 1928 wani masani Bajamushe ya sa masa suna kiyawensis, domin a gulbin Kiyawa aka kamo shi, can kudu da iyakarmu, a ƙasar Hausa ta Najeriya. Wannan kifi a kududdufin damana yake zaune. Kafin ruwa ya ƙafe, sai ya binne ƙwansa cikin laka, shi kuma ya mutu. Ƙwan ya kwanta cikin busasshiyar ƙasa duk rani. Ruwan sama na sauka, sai ya ƙyanƙyashe. Masu kiwon irin waɗannan kifaye sukan aika wa junansu ƙwan ta gidan waya, cikin ƴar ƙasa mai danshi, kamar yadda manomi yake aika wa ɗan'uwansa irin shuka.

Ruwa kafin kifi

A Zinder, wanda zai yi kiwon kifi sai ya fara da tambayar ruwa. Birninmu a kan duwatsu yake, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Da bazara, kowa ya san yadda ake jiran ƴan ga-ruwa. Saboda haka babban rami ko babban kwami ba na ɗan makaranta ba ne. Baho mai cin lita 40 ya isa a fara.

A zaɓi baho mai faɗin baki. Kifi iskar da ke cikin ruwa yake shaƙa, iskar nan kuwa ta saman ruwa take shiga. Tulu mai ƙaramin baki yana cin ruwa da yawa, amma kifi zai galabaita a ciki. Idan kun ga kifaye sun taso sama suna buɗe baki, to iska ta yi musu kaɗan: ko sun yi yawa, ko ruwan ya ɓaci. A baho mai lita 40, kada a wuce ƙananan kifaye 15.

Ruwan famfo yana da magani mai kashe ƙwayoyin cuta. Maganin nan yana da amfani gare mu, amma yana kashe kifi. Sai a tari ruwan, a rufe shi da ƙyalle don sauro, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan baho, wato lita 10, a zuba sabo. Ruwan da aka kwashe kada a zubar a banza. Yana da taki, zogale da tumatir na garkar makaranta suna son shi.

Ku lura: kada ku shiga tabki don ɗebo ruwa ko ciyawa. A irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini.

Sai zafi da sanyi. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40 a garinmu, baho a rana kuwa tukunya ne. A ajiye shi a inuwa. Da ɗari, a watannin Disamba da Janairu, a shigar da shi ɗaki da dare.

Yadda gupi take haihuwa

Kifin da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne gupi. Asalinsa daga tsibiran Karibiyan da arewacin Amurka ta Kudu. Ya sami sunansa daga wani mutum, Robert Guppy, wanda ya aika da shi Landan daga tsibirin Tirinidad a 1866. Namiji ƙarami ne, wajen santimita 3, wutsiyarsa kamar an tsoma ta a marina. Mace ta fi shi girma, amma ba ta da ado sosai. Akan sami gupi wurin masu sayar da kifin ado a manyan birane kamar Kano da Ikko.

Yawancin kifaye ƙwai suke yi. Gupi kuwa haihuwa take yi kamar akuya: ƴaƴan suna fitowa da rai, suna iyo nan take. Takan haihu kusan kowane wata, sau da yawa ƴaƴa 20 zuwa 40. Ƴaƴan nan kuma, bayan wata 2 ko 3, su ma sun isa haihuwa.

Ga inda mai kiwo yake asara tun bai fara ba: manyan gupi suna cin ƴaƴansu. Uwar ma ba ta ƙyale su. Wanda ya kwanta da ƴaƴa 30 yana iya tashi da 5. Don haka ake bukatar baho na biyu. Idan cikin mace ya kumbura, kuma baƙin tabon da ke kusa da wutsiyarta ya ƙara duhu, haihuwa ta yi kusa. Sai a ɗauke ta a hankali da ƴar raga, a sa ta a baho na biyu, tare da ciyawar ruwa ko tsumman zare inda ƴaƴa za su ɓuya. Da ta gama haihuwa, a mai da ita wurinta.

Abincinsu ba sai na kanti ba. Garin busasshen kifi, ƙuliƙuli da aka daka aka tankaɗe, ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai don jarirai, duk suna ci. Tsutsar sauro kuwa ita ce namansu, shi ya sa aka kai gupi ƙasashe da yawa don yaƙi da sauro. A ba su sau biyu a yini, abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Abincin da ya saura ruɓewa yake yi, ya ɓata ruwa. Kifin ado da yawa ƙoshi ne yake kashe su, yunwa ba ta cika kashe su ba.

Mu yi lissafi

Farashi yana sakewa daga kasuwa zuwa kasuwa. Kuɗin da ke nan misali ne kawai, ku ne za ku tambayo na gaskiya.

A ce ajinku ya sayi baho biyu sefa 3000, ƴar raga sefa 500, gupi mata 4 da maza 2 sefa 2500. Jari ke nan, sefa 6000, wato jikka shida. Kowane wata kuma ruwa da abinci suna cin sefa 1000. Ƴaƴan farko ba za su isa sayarwa ba sai bayan wata 3. Kafin ku sayar da kifi ko ɗaya, kun kashe sefa 9000.

A ce kowace mace ana raya mata ƴaƴa 15 a wata. Mata 4, ƴaƴa 60 ke nan. Idan kowane ɗaya sefa 100 ne, dala ashirin, mai gaggawa zai ce: 60 sau 100, sefa 6000 kowane wata, mun yi arziki! To, tsaya tukuna. Wa zai sayi kifi 60 kowane wata?

Kifin ado ba a cinsa. Wanda ya saya yau ba zai dawo gobe ba, kamar yadda mai sayen gawayi ko tumatir yake dawowa. Idan ma ka sayar masa da mace da namiji, bayan wata 3 shi ma yana neman wanda zai sayar wa. Shi ya sa wasu masu kiwo maza kawai suke sayarwa: sun fi kyau, kuma ba su haihuwa su kaɗai.

A ce kifi 20 kawai kuke sayarwa a wata. Kun sami sefa 2000. A cire 1000 na ruwa da abinci, saura 1000. Kafin sefa 9000 ɗin nan su dawo, sai an yi wata 9. A haɗa da wata 3 na farko: shekara guda cur kafin riba ta fara. Sauran kifaye 40 na kowane wata kuwa suna nan, suna ci, suna cika baho. Mai kiwo mai wayo yakan fara neman masu saye, kamar kantuna, ofisoshi, gidajen abinci da makarantu, sannan ya san mata nawa zai bari su haihu. Idan ƴaƴa sun yi yawa, sai ya raba maza da mata. Amma a yi haƙuri, macen da ta taɓa zama da namiji tana iya haihuwa sau da dama bayan an raba su.

A Zinder masu sayen kifin ado kaɗan ne. Idan kiwon ya biya ruwansa da abincinsa, ya yi ƙoƙari. Mai neman riba sosai gara ya dubi kifin da ake ci.

Karfasa da tarwaɗa

Karfasa tana da mai saye a kowace unguwa, kuma tana haihuwa cikin kwami ba tare da wahala ba. Namiji yakan haƙa ɗan rami a yashi. Mace ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta. Nan take riƙe da su mako ɗaya zuwa biyu, ba ta cin komi, har su ƙyanƙyashe. Bayan haka ma, idan ƴaƴan suka tsorata, bakin uwa suke komawa. Matsalarta ita ce yawan haihuwa: kwami ya cika da ƙananan kifaye waɗanda ba su girma. Don haka masu kiwo sun fi son maza zalla, domin sun fi saurin girma. Tarwaɗa kuwa tana jure ruwa maras kyau, don tana shaƙar iska daga sama. Sai dai ba ta cika haihuwa a kwami ba sai an yi mata allura, kuma manya suna cinye ƙanana.

Waɗannan kifaye ne ma'aikatan ruwa da daji da ƙungiyoyin masunta sukan zuba a tabkunan jiharmu. Biyu daga tabkunan nan duniya ta san da su: Lasuri, da kuma Gidimuni da ke gabas da Zinder. An sa su cikin jerin wuraren ruwa da ake karewa bisa yarjejeniyar Ramsar, Lasuri a 2005, Gidimuni a 2019.

Kada wani ya ce kifayensa sun yi yawa, bari ya zuba su a tabki. Baƙon kifi yana iya cinye ƙwai da ƴaƴan kifin gida. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa, irin wanda muka sani, a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka. Bayan shekaru 30 ya yi yawa ƙwarai, ire-iren ƙananan kifaye wajen 200 suka ɓace. Gupin da ya yi yawa, a ba wata makaranta, ko a ba mai kiwon tarwaɗa ya ciyar da su.

Ma'anar kalmomi

Jari: kuɗin da aka fara sana'a da su.
Riba: abin da ya saura bayan an cire duk abin da aka kashe.
Kwami: wurin tara ruwa da aka gina da siminti.
Kududdufi: ramin da ruwan damana yake kwanciya a ciki.

Tambayoyi

1. Don me baho mai faɗin baki ya fi tulu?
2. Ina bambanci tsakanin haihuwar gupi da ta karfasa?
3. Idan ajinku yana sayar da kifi 40 a wata, bayan wata nawa sefa 9000 za su dawo?
4. Baho biyu ne, kowane ana sake masa lita 10 a mako. Bido nawa mai lita 20 za a saya cikin mako 12?

Aiki

Ku rabu uku. Rukuni na farko ya tambayo farashin baho da na bidon ruwa, da damana da kuma bazara. Na biyu ya je wurin masu sayar da kifi, ya rubuto sunayen kifayen da ke nan da inda aka kawo su. Na uku ya ƙidaya wurare nawa ne a unguwarku za su iya sayen kifin ado. Ku kawo amsoshin cikin kaye, mu sake lissafin a allo da kuɗin gaskiya.