Darasi na Goma Sha Biyu: Lambar da Ke Jikin Katako

Ɗalibi, idan ka bi hanyar Baga a Maiduguri, za ka ga kasuwar katako, inda kafintoci ke sayen kayan aiki. Ɗauka cewa kafinta zai haɗa kabad goma. Zai yanka allunan katako gunduwa-gunduwa, masu yawa kuma masu kama da juna. Idan ya huda murfi a maimakon gefe, katakon ya lalace, ya kuma yi asara.

Kafintocinmu sukan yi alama da fensir ko alli, amma alamar takan goge. A manyan masana'antu kuwa, manhajar kwamfuta ce ke tsara yankan. Da inji ya yanka gunduwa, sai a liƙa mata 'yar takarda mai lamba.

Lambar iri biyu ce. Ta farko baƙaƙen layuka ne, wasu sirara, wasu masu kauri. An fara amfani da ita a kanti a Amurka a shekarar 1974. Ta biyu, wato lambar QR, tana da kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994. Ta fi ta farko ɗaukar bayani.

Da an haska lambar da na'ura, sai tsawon gunduwar da faɗinta da wurin huda su bayyana. Sai dai ka lura, lamba ba ta gyara kuskuren awo. Abin da ka shuka, shi za ka girba.

Tambayoyi

1. Wace asara lambar ke hanawa?
2. Mene ne bambancin lambobin biyu?