Kalmomi da Hikimomin Renon Itatuwa: Tara Iri, Adanawa da Shukawa a Ƙasashen Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

A shekarar 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa gandun itatuwa mai ratsa yankin Sahel domin tare hamada, kuma Jihar Kano na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Duk da girman wannan buri, tushensa ƙwaya ɗaya ce a cikin leda. Wannan darasi zai duba yadda ake sarrafa wannan ƙwaya a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, tare da kalmomin da Bahaushe yake amfani da su, domin ɗalibin malanta ya iya koyar da su daidai, ya kuma iya kula da lambun makaranta idan an damƙa masa.

Ma'anar Iri

Kalmar iri tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Tana nufin ƙwayar da aka ware don shuka, tana nufin nau'in abu, tana kuma nufin tsatson mutum. Ba kowace ƙwaya ce iri ba. Sai wadda aka zaɓa. Haka nan akwai bambanci tsakanin shuka da dashe: ƙwaya ake shukawa, tsiron da aka rena shi ake dasawa. Ɗalibai kan gauraya waɗannan kalmomi biyu a rubutu, kuma kuskure ne da bai kamata malami ya kau da kai a kansa ba. Wasu ƙwayoyin ma suna da sunan kansu, kamar kalwa ta ɗorawa da guntsu na kuka.

Tarawa da Adanawa

Manomi a Getso ko Garo ba ya ɗibar iri daga bishiyar da ta fi kusa da hanya don sauƙi. Yakan nemi lafiyayyar uwa mai yawan 'ya'ya, ya jira su nuna, kuma ya tara daga bishiyoyi da dama masu tazara, saboda zuriyar uwa ɗaya cuta ɗaya kan iya kwashe ta.

A nan ne babban batun darasin yake, wato irin itatuwa ba halinsu ɗaya ba. Akwai masu jure ajiya, irin su gawo da bagaruwa da kuka da ɗorawa. Waɗannan akan ɓare su, a shanya a inuwa mai iska har su bushe sarai, a gauraya da toka don korar ƙwari, sannan a rufe a tulu ko gora, ko kuwa jarka a wannan zamani. Akwai kuma waɗanda ajiya ke kashewa. Ƙwayar kaɗanya idan ta bushe ta tashi daga iri, sai dai ta yi man kaɗe. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928 kafin ta bazu a ƙasar Hausa, irinta kan rasa ƙarfi cikin 'yan makonni; don haka a wanke shi daga ɓargon, a sha masa iska kaɗan, a shuka. Malamin da ya kulle irin darbejiya a ofis tun zangon farko yana jiran zango na uku, ledoji kawai zai yi ta bai wa ruwa.

Shukawa

Iri mai jure ajiya yana da taurin ɓawo, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Makiyaya sun daɗe da lura cewa gawo ya fi tsirowa a inda dabbobi suka kwana, domin ƙwayar ta bi ta cikin tumbinsu ɓawon ya yi laushi. Mai reno yana kwaikwayon wannan ne idan ya tafasa ruwa, ya sauke, ya zuba irin ya kwana a ciki, ko ya ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa nesa da idonta. Zogale ba ya bukatar ko ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito.

Akan cika leda da ƙasar gona da yashi da ruɓaɓɓen taki, a huda gindinta. Zurfin rami kada ya wuce ninki biyu na kaurin ƙwayar. A jera ledojin ƙarƙashin rumfar kara, a riƙa ban ruwa safe da yamma, a kuma riƙa gusa su lokaci-lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa. Tun da dashe ya fi kamawa a Yuli da Agusta, lokacin da damina ta zauna, ana fara shuka ne wata uku zuwa huɗu kafin nan, a tsakiyar zafin bazara. Wannan ne ya sa wurin reno yake bin ruwa, ko dai rijiya ko bakin madatsa irin ta Guzuguzu a ƙasar Kabo.

Aikin Yi

Ɗalibi ya tattauna da wani dattijon manomi na garinsu, ya rubuto sunayen itatuwa biyar da lokacin nunar 'ya'yansu, ya kuma bayyana wanne ake ajiyewa, wanne ake shukawa nan take.