Darasi na Bakwai: Farautar Dako a Kan Bishiya a Amurka

Gabatarwa

A darasin da ya gabata mun yi nazarin farauta a ƙasar Hausa, inda muka ga maharbi da kwarinsa da bakansa da burtunsa. A wannan darasi za mu leƙa wata al'umma, domin malamin da bai san na wasu ba, da wuya ya iya nuna wa ɗalibai abin da ya bambanta nasu. Za mu duba yadda maharban Amurka kan rataya wani ɗan dandamalin ƙarfe a jikin bishiya, su zauna a kai suna dakon barewa da baka. A nan za mu kira shi gadon dako.

Dabbar da Makamin

Ya kamata ɗalibi ya sani cewa aron sunan barewa muka yi, don wannan dabba babu ita a dazuzzukanmu. Namijinta ƙahoninsa masu rassa ne, suna faɗuwa kowace shekara su sake tsirowa, alhali barewarmu da ƙahonta take mutuwa. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, takan ɗaga ta in ta firgita.

A shekarar 1934 jihar Wiskonsin ta ware wa masu baka lokacin farautarsu na musamman, sauran jihohi suka biyo baya. A yau yawanci ana buɗe wannan lokaci a watan Satumba ko Oktoba. A 1969 kuma Holless Allen ya sami rajistar baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, wanda ke rage wa maharbi nauyin riƙe tsirkiya bayan ya ja. Duk da haka, akasarin harbi bai wuce nisan mita 20 zuwa 30 ba. Bugu da ƙari, doka a yawancin jihohi ta hana dafi. Maharbinmu da ya shafa wa kibiya dafin kwankwani, ko a cinya ya sami dabba yana iya bin sawunta har ta faɗi. Na Amurka kuwa kaifin kibiya kaɗai ya dogara da shi, dole ya sami huhu ko zuciya. Wannan shi ya tilasta masa kusantar dabba ƙwarai ba tare da ta sani ba.

Zaɓen Bishiya

Barewa takan bi hanya tsakanin makwancinta da wurin kiwonta, kamar gonar masara ko ta waken suya. Maharbi yakan nemi sawu da kashi da wuraren da namiji ya goge ɓawon itace da ƙahonsa, sannan ya zaɓi bishiya kimanin mita 15 zuwa 20 daga hanyar.

Amma babban alƙali a nan shi ne iska. Hancin barewa ya fi idonta tsaro, saboda haka dole iskar ta taso daga wajenta zuwa wajen maharbi. A wuri mai tudu kuwa akwai ƙarin lissafi: da hantsi iska mai ɗumi kan hau sama, da yamma mai sanyi kan gangaro kwari, ta tafi da warin mutum. Shi ya sa gado ɗaya ba ya yin kowace rana. Wannan ita ce fa'idar gadon ratayawa, wato ba shi da nauyi, ana iya kwance shi a sauya masa bishiya, ko da mai ɗan karkata ce ko mai rassa.

Bishiyar ta kasance rayayya mai kauri, da rassa a bayanta da za su ɓoye siffar mutum, don barewa na ɗaga kai. Mai harbi da dama yakan juya gadon yadda hanyar za ta kasance a hagunsa.

Yadda Ake Ratayawa

A nan ne rai ke cikin haɗari. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa maharban barewa karayar baya da mutuwa, kuma yawanci yakan faru ne wajen hawa ko sauka, ko wajen tsallakawa kan gadon.

Tun yana ƙasa maharbi yake sa ɗamarar tsaro wadda ta kama kafaɗu da ƙugu da cinyoyi. Sai ya zagaya bishiya da igiya ya maƙala ta a ƙugunsa dama da hagu, irin yadda ma'aikatan lantarki ke yi a kan turke, don hannayensa biyu su sami damar aiki. Sannan ya riƙa ɗaura gajerun matakala na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, yana hawa yana matsar da igiyar. A filayen gwamnati da dama an hana matakalar da ake murɗawa cikin itace, saboda tana raunata shi.

Yawanci akan tsaya a tsayin mita 5 zuwa 6. Wasu na ganin ƙara tsayi gwaninta ce, amma ba haka ba ne: in kibiya ta miƙe ƙasa sosai sai ta sami huhu ɗaya, dabba ta tafi da rauni ta mutu a banza.

Ba a hawa da gadon a hannu, da igiya ake jawo shi. A ɗaure shi tam, a daidaita shi, a danna shi da ƙafa har haƙoransa su kama ɓawo. Matakala ta ƙarshe ta ɗara gadon tsayi, domin mutum ya sauko kansa, ba ya yi ta kokawar hawa ba. Kafin ya kwance igiyar ƙugu, sai ya ɗaure ta baya a saman kansa, ya taƙaita ta yadda in ya zame zai iya komawa, don daɗewa a rataye cikin ɗamara kan hana jini gudu a ƙafafu. Bayan duk wannan ne zai jawo baka. Gadon da ya shekara a daji kuwa ba a amince masa, rana da ruwa da kurege sun ci maɗaurinsa.

Ga Malami

Wannan bayani ya dace da koyar da insha'in bayyana yadda ake yin abu. A jawo hankalin ɗalibai ga kalmomin jeri irin su "tun", "sai", "sannan" da "kafin". A sa su musanya wurin "ɗaure" da "kwance" a sakin layi na ƙarshe, su faɗi abin da zai sami maharbin.

Auna Fahimta

1. Me ya sa maharbin Amurka ya fi na ƙasar Hausa bukatar kusantar dabba?
2. Tambayi wani maharbi a garinku yadda yake dako, ka rubuta matakan a jere.
3. Shin sunan "gadon dako" ya gamsar da kai? In bai yi ba, kawo wani tare da hujja.